Sauya ma'adanar kwamfutar tebur da wadda ta fi ta girma

Ma'adanar kwamfuta, wadda masu gyara suka fi sani da had-disk, ita ce ɓangaren da komai ke zaune a cikinsa ko bayan an kashe wuta: babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, sauran manhajoji, takardu, hotuna da bidiyo. Idan ta cika, alamun ba sa ɓuya. Kwamfutar takan yi nauyi, sabuntawar Windows ta riƙa tsayawa a hanya, sandar da ke nuna ragowar sarari ta koma ja. Cire tsohuwa a sa sabuwa aiki ne na kusoshi huɗu da wayoyi biyu. Inda wahalar take shi ne wajen ƙaura da bayanan da ke cikin tsohuwar ba tare da asara ba, da tabbatar da cewa kwamfutar za ta ga dukkan sararin da aka biya kuɗinsa.

Ma'adana irin wannan ta farko kamfanin IBM ne ya fitar da ita a 1956, mai faifai 50, kowanne faɗinsa inci 24, kuma abin da take ɗauka bai wuce haruffa miliyan biyar ba. Sai a 2007 Hitachi ya kai ga terabayit ɗaya. A yau kamfanoni uku ne suka rage suna ƙera ta: Seagate, Western Digital da Toshiba.

Wadda za ta dace da kwamfutar

Kafin a je kasuwa, sai a buɗe murfin kwamfutar a duba wayar da ke haɗa ma'adanar da babban allon kwamfutar. Idan siririya ce, mai baki kamar harafin L, to SATA ce, tsarin da ya fito a 2003 kuma ya mamaye kwamfutocin tebur tun daga lokacin. Wayarta ta bayanai tana da haƙora 7, ta wuta kuma 15. SATA ta fito zubi uku, masu gudun gigabit 1.5 da 3 da 6 a daƙiƙa, amma duk suna karɓar juna; sabuwar ma'adana za ta yi aiki a tsohon allo, sai dai da gudun da allon ya iya. Idan kuwa wayar mai faɗi ce kamar ɗamara, mai ramuka 40, to IDE ce. An daɗe da daina ƙera irinta, kuma kwamfutocin da suka girmi shekarar 2002 da yawansu ba sa ganin abin da ya haura gigabayit 137. Kashe kuɗi a kan irin wannan kwamfuta ba dabara ba ce.

Girman jiki ma abin dubawa ne. Ma'adanar kwamfutar tebur inci 3.5 ce, ta tafi-da-gidanka kuma 2.5. Ƙaramar tana aiki a kwamfutar tebur, amma tana buƙatar ƙarfen da zai riƙe ta a gurbin babbar. Gudun juyin faifai ko dai 5,400 ne a minti ko 7,200, kuma ga ma'adanar da Windows za ta zauna a kai, ta biyun ta fi.

Akwai tambayar da mutane ke tsallakewa: sarari ne ya ƙare, ko kuwa nauyin kwamfutar ne ya ishi mai ita? Ma'adana mai faifai, komai girmanta, ba za ta sa kwamfuta tashi da sauri ƙwarai ba. Mai yin haka ita ce SSD, wadda ba ta da abin da ke juyawa a cikinta, kuma a kan wayar SATA takan karanta kusan megabayit 550 a daƙiƙa, alhali mai faifai ba ta cika wuce 200 ba. Idan akwai gurbi na biyu, tsarin da ya fi shi ne SSD ta ɗauki Windows, babbar ma'adana ta ɗauki hotuna da bidiyo. Sai dai ƙananan kwamfutocin HP da Dell da suka cika ofisoshi da shagunan buga takardu galibi gurbin babbar ma'adana ɗaya suke da shi, shi ya sa sauyawar ke zama dole.

Wanda zai sayi ta hannu kuma, kada ya yarda da kyan jikinta. Kowace ma'adana tana riƙe da rahoton lafiyarta da ake kira SMART, kuma manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana nuna sa'o'in da ta yi a kunne da adadin gurabun da suka lalace. Idan adadin gurabun da aka yi wa musanya ba sifili ba ne, a bar wa mai shago kayansa.

Iyakar terabayit biyu

A nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Kowace ma'adana tana da jadawalin da ke bayyana yadda aka rarraba ta. Tsohon tsarin, MBR, yana ƙirga gurabu ne da lamba mai bit 32, kowane gurbi bayit 512, don haka lissafinsa yana ƙarewa a kusan terabayit 2.2. Wanda ya sa ma'adana mai terabayit 4 ya tsara ta da MBR, rabi zai samu, sauran ya zauna kufai. Sabon tsarin, GPT, ba shi da wannan iyaka, kuma a Windows yana yarda da kaso har 128 maimakon manyan kaso huɗu na MBR.

Sharaɗin shi ne, Windows ba ta tashi daga ma'adana mai GPT sai allon kwamfutar yana da UEFI, wato magajin tsohon BIOS. Tsohuwar kwamfuta mai BIOS zalla za ta iya amfani da babbar ma'adana a matsayin rumbun ajiya na biyu, amma ba za ta tashi daga gare ta da cikakken girmanta ba. Ana gane wanda kwamfuta ke amfani da shi ta hanyar rubuta msinfo32 a akwatin bincike na Windows. Idan allon yana da UEFI amma ma'adanar MBR ce, tun 2017 Microsoft ya sa wata ƙaramar manhaja, MBR2GPT, cikin Windows 10, wadda ke juya tsarin ba tare da goge bayanai ba. Windows 11 kuwa ba ta karɓar allon da ba shi da UEFI, kuma tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, don haka wannan batu ya wuce na sarari kawai.

Wani giɓin kuma ba cuta ba ce. Masu ƙera ma'adana suna ƙirgawa da dubu-dubu, Windows kuma da 1,024. Shi ya sa mai gigabayit 500 ke nuna 465, mai terabayit ɗaya ke nuna gigabayit 931.

Ƙaura da bayanai

Hanya biyu ce. Ta farko a kwafe tsohuwar ma'adana ɗungurungum zuwa sabuwar, har da Windows da manhajoji da saituna, ta yadda kwamfutar za ta tashi kamar ba a taɓa ta ba. Clonezilla kyauta ce, akwai Macrium Reflect, sannan Seagate da Western Digital suna bai wa masu sayen kayansu manhajar yin wannan aiki. Ana jona sabuwar a wani bakin SATA, a aro wayar na'urar faifan DVD idan babu wata, ko a yi amfani da akwatin USB. Kuskure mafi muni shi ne juya alƙibla, a kwafe sabuwar da ba komai a kan tsohuwar. Kafin a danna umarnin ƙarshe, a karanta suna da girman kowacce sau biyu.

Ta biyu ita ce a ɗora Windows sabuwa daga filashi, sannan a dawo da takardu. Ta fi cin lokaci, amma ita ta dace idan tsohuwar tana da ƙwayar cuta ko ta fara lalacewa. Lasisin Windows 10 da 11 yana ɗaure ne da allon kwamfutar, don haka sauya ma'adana ba ya kashe shi. Manhajojin lissafin kuɗi da na zane da aka saya kam, sai an nemo lambobin lasisinsu tun kafin a fara.

Ko wace hanya aka bi, a fara ajiye muhimman takardu a wuri na uku. Idan an kulle ma'adanar da BitLocker, a rubuta lambar buɗewa mai alƙaluma 48 a takarda. Kuma tunda kwafin gigabayit ɗari-ɗari kan ɗauki sa'o'i, bai kamata a fara shi da wutar gari kaɗai ba. A jona UPS ko inbata, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na nufin komawa farko.

Aikin hannu

A kashe kwamfutar, a zare wayar wuta daga bango, a danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don ragowar wutar ta fita. Kafin a taɓa komai a ciki, a taɓa ƙarfen jikin akwatin. Wannan ya fi muhimmanci a lokacin hunturu, domin busasshiyar iska tana tara lantarki a jikin mutum, wanda ke iya ƙona sassan allon ba tare da an ji ko an gani ba. A ɗauki hoton yadda wayoyin suke, a zare su a miƙe, a kwance kusoshin ko a zaro tiren roba. Sabuwar ta shiga bakin SATA ɗin da tsohuwar take. A tashin farko, a bar tsohuwar a waje.

Sau da yawa bayan kwafi, Windows kan nuna girman tsohuwar ma'adanar, mutum ya zaci an cuce shi. Sararin yana nan, ba a raba shi ba ne. A Disk Management ake faɗaɗa kason C ya cinye shi, da sharaɗin sararin yana manne da shi ta dama. Idan ƙaramin kason gyaran Windows ya shiga tsakani, sai an matsar da shi da manhaja irin GParted, ko a mai da sararin kaso mai zaman kansa.

Tsohuwar ma'adana

A ajiye ta yadda take na mako biyu ko uku, har a tabbatar babu abin da aka baro. Bayan nan za ta iya zama rumbun ajiya a akwatin USB. Idan sayarwa za a yi ko kyautarwa, goge fayiloli ko fomatin na gaggawa bai isa ba, domin jadawalin kawai yake sharewa, bayanan suna nan. A 2003, masu bincike biyu na jami'ar MIT ta Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun wallafa sakamakon ma'adanai 158 na hannu da suka saya: 12 kaɗai aka goge yadda ya kamata, kuma sun tono dubban lambobin katin banki daga sauran. Cikakken fomatin, tun daga Windows Vista, yana rubuta sifili a kan kowane gurbi, haka ma umarnin clean all na manhajar diskpart. Wadda ta mutu ba ta karɓar umarni kuwa, sai a huda faifanta da dirilin kafin ta kai hannun 'yan gwangwan.