Tattaki Daga Boɗinga Zuwa Sifawa

A hutun da ya wuce, bayan an ɗauke ruwa, na tashi daga Shagari da sassafe na shiga mota zuwa Boɗinga, daga nan kuma na taka da ƙafa har Sifawa. Nufina in ga wurin da ake ta karanta mana a aji da idona.

Mai karatu ya san cewa bayan an ci Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu ya bar Gwandu ya sauka Sifawa wajen 1810. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna Boɗinga, Muhammadu Bello kuwa yana Sakkwato. A Sifawa ne, cikin 1812, Shehu ya raba jan ragamar daula: yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello. Ke nan asalin Gwandu da Sakkwato a matsayin gidajen sarauta biyu yana cikin wannan ɗan gari da matafiya ke wucewa ba su ko waiwaya. Sai 1815 Shehu ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817.

Da na isa, wani dattijo ya kai ni bayan gari ya nuna mini wani tudu da sandarsa, ya ce, "Ɗana, kakana ya ce ginin mutanen Shehu ne." Wallahi da ni kaɗai ne da na ce suri ne. Gefe guda an yashe shi, ga tubala jere suna shan rana. Na tambaye shi ko akwai wanda ya rubuta abin da ya sani. Ya yi dariya, ya ce ni ne na farko da ya zo da biro.

A hanyar komawa na tsaya bakin wani tafki in huta. Bado ya rufe rabinsa, balbelu na bin shanun da suka zo shan ruwa, kirinjijiya na ta fito. Wasu yara suka ce in na dawo da rani za su haƙo mini gaiwa, domin ita in ruwa ya ƙafe sai ta shige laka ta kwanta har damina. Na ce musu zan dawo, amma da rakoda, don dattijon nan ya ba tamanin baya, kuma tari yake yi.