Daga Hafsikod Zuwa Kukuma: Tarihin Faifai da Aikin da Ke Jiran Wudil

Yau tarihin namu na kayan kiɗa ne da yadda faifai ya ceci wasu daga ɓacewa. Za mu faro daga Turai mu biyo ta Kano da Zariya da Nijar, sannan mu sauka a gida Wudil.

A fadojin Turai na ƙarni na 17 da na 18, babu kayan kiɗan da ya kai hafsikod daraja. A ido kamar fiyano yake, amma aikinsu daban. Idan ka danna maɓallin fiyano, ɗan guduma ne ke bugun tsirkiya. Shi kuwa hafsikod, ɗan tsinken gashin tsuntsu ne ke tsinkar tsirkiyar ya wuce, shi ya sa amonsa siriri ne mai kaifi, kusa da na molo ko garaya. Da shi Johann Sebastian Bach na Jamus (1685 zuwa 1750) ya tsara kiɗe-kiɗe masu yawa, Domenico Scarlatti kuma ya bar guda 555, akasarinsu a hidimar gidan sarautar Sifen.

Wajen 1700 wani Ba'italiye, Bartolomeo Cristofori, ya ƙera fiyano, mai iya yin amo a hankali ko da ƙarfi gwargwadon dannawar yatsa. Kafin a shiga 1800 sosai, an ture hafsikod gefe, ya koma kayan kallo a gidajen tarihi kusan shekara ɗari.

Wadda ta fi kowa tsayawa wajen tashinsa mace ce 'yar Poland, Wanda Landowska. A 1912 kamfanin Pleyel na Faris ya ƙera mata sabo. A 1933 ta ɗauki wani dogon kiɗan Bach mai suna Goldberg a faifai. Ba ta tsaya kan na da ba, ta sa masu tsara kiɗa na zamaninta suka tsara masa sababbi, irin su Manuel de Falla na Sifen a 1926. Daga baya György Ligeti ya yi nasa a 1968. A yau Mahan Esfahani, haifaffen Tehran, yana haɗa kiɗan Bach da na mutanen wannan zamani a faifai guda. Wato da ƙafa biyu abin ya tashi: an adana tsohon yadda yake, an kuma ba shi sabon aiki.

To, mu dawo gida.

Kiɗan fadarmu ya girmi Bach nesa ba kusa ba. Littafin Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya shigo da su fada. Ga tambari, ga algaita, ga farai, ga taushi da kotso da jauje. Bayan fada kuma kowace sana'a da nata: mahauta da kalangu, maƙera da dundufa, manoma da gangar noma, maharba da komo.

Sai dai akwai babban bambanci tsakaninmu da Turawa, kuma a nan zancen yake. Kiɗan Bach a rubuce yake da alamomi a takarda, don haka ya iya jiran shekara ɗari har mai karantawa ya zo. Namu a hannu yake da kunne. Ɗa yana koya a bayan uba, yana amshi shekara da shekaru kafin a miƙa masa ganga. Ranar da makaɗi ya faɗi bai bar magaji ba, taken da ya sani ya bi shi kushewa. Saboda haka faifai a wurinmu shi ne takardar.

An fara wannan rubutu da wuri. Tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya ɗauki fayafayan garmaho a Landan cikin harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1962 gidan rediyon Jihar Arewa ya buɗe a Kaduna, kuma ta nan ne mutumin ƙauye ya ji muryoyin da a da sai wanda ya je fada: Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi na Sakkwato, Sarkin Taushin Katsina, Musa Ɗanƙwairo. A 1963 da 1964 wani Ba'amurke, David Ames, ya zauna a ƙasar Zazzau da rikoda, aka fitar da abin da ya ɗauka a fayafai biyu ƙarƙashin UNESCO. A 1971 shi da Anthony King suka buga ƙamus na kayan kiɗan Hausa da sunayensu da wuraren da ake kaɗa su.

Sai zamanin faifan kamfanin EMI da kaset, lokacin da babu tashar mota ko shagon tela da ba a jin Mamman Shata da kalangunsa, ko Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, wanda gwangwanin kifi ne kawai da fata da tsirkiya ɗaya, amma ya zaga duniya da shi. Garba Supa da Hassan Wayam suka riƙe kukuma. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai kukuma ya ga yadda yake fara goga ƙaro a jikin izga, ya kara ƙoƙon a jikinsa, ya ɗan ja sau biyu yana karkata kunne, ya matsa ɗaurin tsirkiya kaɗan, sannan ya saki take. Wannan ilimi ne, kuma babu makarantar boko da ta ba shi.

Daga 1990 da finafinan Kano suka kankama, sai fiyanon Yamaha ya shigo situdiyo. Yaro ɗaya da na'ura ɗaya ya maye gurbin makaɗa shida, ga araha ga sauri. Ba laifin yaran ba ne, sana'a suka nema kuma sun samu. Amma a daidai wannan lokaci manyan suka yi ta tafiya: Ɗanƙwairo a 1991, Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Alhamdu lillahi, malamai sun yi nasu. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara waƙoƙin baka a rubuce, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi littafi a kan Narambaɗa, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka yi na Shata. Sai dai littafi baitoci yake riƙewa, ba ya riƙe hannun makaɗi.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Malam Mamman Barka, malamin makaranta kuma makaɗin gurmi, ya tafi gaɓar Tafkin Chadi a 2002 ya durƙusa gaban Bukar Tar, tsohon da ya rage cikin masu kaɗa biram na Buduma, wani kayan kiɗa mai siffar kwalekwale da tsirkiya biyar. Ya koya, ya fitar da faifai a 2009, ya kai biram Turai. Ya rasu a 2018, amma amon biram na nan ga duk mai son koya.

Yanzu ga Wudil. Garin nan ƙasar Makama ce tun da, kuma inda sarauta take akwai makaɗanta da taken da suke kaɗawa. Ga kogi da masunta. Ga kasuwar kara ta ranar Juma'a, inda fatake da dillalai da mahauta ke haɗuwa daga kusa da nesa. Ga kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda ta fara aiki a 2001, cike da matasa masu kwamfuta da wayoyin da suka fi rikodar Ames kyau sau ninki. Tsofaffin da suka san taken fawa da na noma da na dambe suna nan a ƙauyukanmu, wasu sun rataye ganga don ba mai gayyata.

Ko wanda ba ya sauraron kiɗa ya san cewa a cikin waƙoƙin nan akwai jerin sarakuna da hakimai, da sunayen garuruwa, da shekarun yunwa da na yalwa, da Hausar da ta fara ɓacewa a bakinmu.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. Ɗalibai su je su gaida waɗannan dattawa da ladabi, su nemi izininsu, su ba su hakkinsu. A ɗauki kowane take daban, a rubuta sunansa da na wanda ake yi wa da lokacin da ake kaɗa shi, a ɗauki bidiyon hannun. Masu tsofaffin kaset a gida su fito da su a juye kafin zare ya lalace. Masu situdiyo kuma su kira mai kukuma da mai kalangu na gaske, su tsara musu sabon kiɗa, su biya su kamar yadda ake biyan mai fiyano. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an buɗe tulun.

Idan a garinku akwai irin wannan dattijo, kada a bari sai bayan damina. Allah ya jiƙan magabata, ya ba na raye lafiya da tsawon rai.