Masassaƙin da ya yi gitar kwali

Ƴan'uwa, gitar da samarinmu ke kaɗawa, wani masassaƙi ne ya daidaita siffarta: Antoniyo Tores, wanda aka haifa kusa da Almeriya ta ƙasar Sipaniya a 1817. Ya faɗaɗa cikinta, ya rage kaurin allon gaba, ya tokare shi daga ciki da siraran itace bakwai. A 1862 ya yi wata mai baya da gefunan kwali, don a gane allon gaba ke ba da murya. Ya rasu a 1892, amma an gaji aikinsa. Masu yi mana gurmi sun san irin wannan sirri a fatar da suke ɗaurawa bisa ƙwarya. Ga su suna tsufa. Wa muka tura ya koya?