Gizo-gizon ƙasa (Gnaphosidae)

Gizo-gizon ƙasa wani babban dangi ne na gizo-gizo wanda masana ke kira Gnaphosidae. Ba ya saƙa yana domin kama abinci. Da dare yake fita farauta a doron ƙasa, da rana kuma ya ɓuya cikin 'yar jakar zare da ya saƙa a ƙarƙashin dutse, ko ɓawon itace, ko busassun ganye. An bayyana nau'i fiye da 2,000 a cikin jinsi sama da 100, abin da ya sa yake cikin manyan dangogin gizo-gizo na duniya. Ya fi yawa a busassun wurare, ciki har da yankin savana na Afirka ta Yamma.

Rabe-rabe

Dangin yana cikin rukunin Arthropoda, wato halittu masu ɓawo a waje da ƙafafu masu gaɓoɓi, a ajin Arachnida inda kunama da kaska suke. Saboda haka a ilimin halittu ba a lissafa shi cikin ƙwari irin su fara da tururuwa: su ƙafa shida gare su, shi kuwa takwas. A cikin Araneae, yana ɓangaren Araneomorphae, waɗanda fiƙoƙinsu biyu ke haɗuwa da juna kamar awartakin maƙeri.

Sunan ya samo asali daga jinsin Gnaphosa wanda Latreille, masani ɗan Faransa, ya raɗa a 1804. A tsofaffin littattafai ana kiran dangin Drassidae. Sauran sanannun jinsuna sun haɗa da Drassodes, Zelotes, Micaria, Scotophaeus da Xerophaeus. Zelotes shi ne mafi yawan nau'i, kuma a 2007 Moira FitzPatrick ta gidan adana kayan tarihin halittu na Bulawayo, a Zimbabwe, ta sake nazarin nau'o'insa na Afirka kudu da Sahara. Iyakar dangin ba ta zauna wuri ɗaya ba: an shigar da Prodidomidae cikinsa a 2018, sannan aka sake ware su a 2022.

Siffar jiki

Jikin kashi biyu ne, kai da ƙirji a haɗe a gaba, sai ciki a baya, da siririn ƙugu a tsakani. Yawancinsu ƙanana ne, tsawon jikinsu bai cika wuce santimita ɗaya da rabi ba. Launinsu baƙi ne, ko ruwan ƙasa, ko toka-toka, kuma cikin yakan yi sheƙi saboda gajeren gashi mai laushi. Kowace ƙafa tana ƙarewa da ƙumba biyu.

Alamar da ta fi saurin bayyana su ita ce bututun zare da ke ƙarshen ciki. Biyu na gaba dogaye ne, a miƙe kamar guntun kara, a ware da juna, har ana hango su daga sama sun leƙo. A bakinsu akwai manyan kafofi da ke fitar da zare mai danƙo. Sauran gizo-gizo suna amfani da irin wannan zaren ne wajen liƙa yana a jikin bango ko reshe, amma a wannan dangin ya zama makami. Wani bincike da Jonas Wolff da abokan aikinsa suka wallafa a 2017 ya nuna yadda suke zagaya abin farauta da gudu suna shafa masa zaren a ƙafafu da baki, kafin su cije shi. Ta haka suke iya kayar da wani gizo-gizon da ya fi su girma. Sai dai abin ya zo da asara, domin ba su iya liƙa zare da ƙarfi kamar masu saƙa yana.

Idanunsu takwas ne a layi biyu. Biyu na tsakiya a layin baya ba kewayayyu ba ne, a baje suke, kuma sau da yawa a karkace. A 1999 Marie Dacke da abokan aikinta a Jami'ar Lund ta Suwidin sun nuna cewa Drassodes cupreus yana amfani da waɗannan idanun wajen karanta yadda haske ke tafiya a sararin sama bayan faɗuwar rana, don ya gane hanyar komawa maɓoyarsa.

Wasu jinsunan suna da nasu alamun. Zelotes yana da jerin gashi mai tauri kamar mataji a ƙafafun baya. Micaria kuwa yana kwaikwayon tururuwa a siffa da tafiya, kuma shi da rana yake yawo. Tantance nau'i ɗaya daga wani sai da madubin ƙara girma, domin ana duba gaɓoɓin haihuwa ne na balagaggen namiji ko mace.

Muhalli a kudancin Sakkwato

Ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari suna cikin savanar Sudan, inda damina ke kamawa daga Yuni zuwa Satumba, sauran shekara kuma rani. Irin wannan busasshen wuri yana cikin mazaunan da dangin ke so. Tarin karan gero da dawa bayan girbi, gindin rumbu, tulin duwatsu da tsagar katangar ƙasa duk maɓoya ne. Ƙone kara a gona da yawan feshin maganin ƙwari suna kashe su tare da ƙwarin da suke ci, alhali suna cikin masu rage ƙananan ƙwari a ƙasan gona.

Ana yawan rikita su da dangin Lycosidae, wanda shi ma a ƙasa yake farauta. Bambancin a fili yake: Lycosidae yana da manyan idanu biyu masu ƙyalli idan an haska tocila, kuma macen tana yawo da jakar ƙwanta a liƙe a bayanta. Macen gizo-gizon ƙasa kuwa a maɓoya take ajiye jakar ƙwanta, wadda a jinsin Zelotes take a baje kamar faifai.

Cizo

Suna da dafi kamar kusan dukkan gizo-gizo, amma ba a lissafa su cikin masu haɗari ga ɗan Adam. Ba su cika cizo ba sai an danne su a cikin tufa ko shimfiɗa, kuma abin da ke biyo baya yawanci zafi ne da ɗan kumburi. Ƙurajen fata masu ruwa da ake dangantawa da tautau suna iya fitowa daga wasu dalilai, kamar ƙwaron Paederus ko ƙwayar cutar ƙaranbau da ta sake tashi a jiki, don haka ana buƙatar ma'aikacin lafiya ya duba su.