Kafin Allura Ta Sauka: Tarihin Shirya Waƙa Da Bango Domin Buga Faifai

Kalmar faifai ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Tun kafin Bature ya zo da garmaho, iyayenmu mata suna saƙa faifai, su rufe ƙwarya da shi, su yi bakace da shi. Da aka kawo baƙin abin nan mai zagaye wanda ake ɗora wa allura ya yi waƙa, sai aka dubi siffarsa aka ara masa sunan, kuma sunan ya zauna daram, har ta kai yau ana cewa "faifan bidiyo" ga abin da ke cikin waya, wanda ba shi da zagaye balle rami a tsakiya. Abin da nake so mu duba a wannan maƙala, ya mai karatu, shi ne aikin da ake yi tsakanin lokacin da mawaƙi ya rufe bakinsa a situdiyo da lokacin da faifai ya iso kanti. A ganina, da yawa daga abin da muke ɗauka zaɓin mawaƙi ne, wato tsawon waƙa da jerin waƙoƙi da kaurin sauti da ma fuskar da duniya ta san shi da ita, a hannun wasu mutum biyu aka yanke su: mai yanka faifai da mai zana bango.

Thomas Edison ya ƙera na'urarsa ta ɗaukar murya a 1877, amma tasa a jikin wani abu mai kama da gwangwani take rubuta sauti. Emile Berliner, Bajamushe mazaunin Amurka, shi ya fito da faifai shimfiɗaɗɗe a 1887. Fa'idarsa ita ce ana iya yin hatimi guda a buga dubbai da shi. Faifan wancan zamani da shalak ake yin sa, wani ƙaro da wasu ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da maƙwabtanta. Yana da nauyi, yana fashewa kamar tangaran, yana juyawa sau 78 a minti ɗaya, kuma mai faɗin inci 10 ba ya ɗaukar fiye da kimanin minti 3 a kowane gefe. Kafin 1925 ko makirufo babu. Makaɗa kan taru ne gaban wani babban ƙaho, ƙarfin muryarsu kaɗai ke girgiza allurar da ke yanka kakin zuma, don haka shirya waƙa a lokacin bai wuce a matso da mai ƙaramar murya gaba, a tura mai ganga can baya, a kuma gargaɗi kowa ya gama kafin kakin ya ƙare ba. A irin wannan faifai ne kamfanin Zonophone ya ɗauki mawaƙan Afirka ta Yamma a Landan a ƙarshen shekarun 1920, cikinsu har da Kumasi Trio a 1928.

Yaƙin Duniya na Biyu ya katse hanyar shalak, wanda hakan ya ƙara tura kamfanoni ga robar da ake kira bainil. A watan Yunin 1948 kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai mai inci 12, mai juyawa sau 33 da sulusi a minti, wanda ke ɗaukar sama da minti 20 a gefe guda. Shekara ɗaya bayan haka RCA Victor ya mayar da martani da ƙaramin faifai mai inci 7 da juyi 45. Daga nan ne aikin shirya sauti ya zama sana'a mai zaman kanta, domin an sami tef, ana iya ɗaukar waƙa yau a yanka ta wani watan.

To, mene ne wahalar? Kowane gefen faifai tsaga ɗaya ce tak, siririya, da ta nannaɗe daga baki zuwa tsakiya, kuma sautin ba komai ba ne illa karkace-karkacen wannan tsaga. Sauti mai kauri, irin na babbar ganga, yana sa allura ta yi lilo mai faɗi, saboda haka yana cin fili. Ƙara ma haka take. Filin kuwa ƙayyadadde ne, kamar gonar gado: in ka faɗaɗa kunya, sai yawan kunyoyin ya ragu. Ke nan abu uku ne ke rigima a kan fili ɗaya, tsawon lokaci da ƙarfin sauti da kaurinsa, kuma ba a samun ɗaya sai an rage wani. Duk wanda ya taɓa sa faifan da aka cusa wa waƙoƙi goma a gefe guda ya ji shi shiru-shiru kamar ana waƙar a ɗakin maƙwabci, to dalilin ke nan.

Dabarar da aka yi ita ce a rage kaurin sauti sosai a lokacin yanka, a ƙara kaifinsa, sannan na'urar da ke gidan mai saurare ta juya lissafin, ta maido da kaurin ta rage kaifin, kuma a cikin rage kaifin sai ƙarar shuu ta robar ta ragu tare da shi. Matsalar ita ce da farko kowane kamfani da irin nasa ma'aunin, har ana sayar da na'urori masu maɓallin zaɓa, wannan na Columbia, wancan na Decca. Sai a 1954 ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta tsayar da ma'auni guda, wanda a hankali duniya ta bi, kuma shi ake bi har yau. Da sitiriyo ya shigo kasuwa a 1958, bisa tunanin da Alan Blumlein na kamfanin EMI ya yi wa rajista tun 1931, sai aka sami sabon ciwon kai. Yanzu bangon tsagar na hagu da na dama kowanne da nasa sautin, kuma idan sauti mai kauri ya saɓa tsakanin ɓangarorin biyu, allura takan yi sama da ƙasa har ta yi tsalle ta fice. Maganin shi ne a tattara duk kaurin a tsakiya. Wannan na cikin dalilan da suka sa har a waƙoƙin da aka yi a kwamfuta, waɗanda ba su taɓa ganin allura ba, za ka ji babbar ganga a tsakiya take.

Akwai kuma wani abu da ya fi ba ni sha'awa. Faifai yana juyawa da gudu ɗaya ne daga farko har ƙarshe, amma zagayen bakinsa ya fi na cikinsa tsawo nesa ba kusa ba. A bakin faifai mai inci 12, kimanin santimita 50 na tsaga ke wucewa ƙarƙashin allura a daƙiƙa ɗaya. Kusa da tsakiya kuwa abin bai fi santimita 20 da 'yan kai ba. Sauti iri ɗaya, fili ƙasa da rabi. Don haka waƙar ƙarshe a kowane gefe takan dusashe, harafin "s" ya riƙa tsatsa a kunne. Masu shirya faifai sun san haka, shi ya sa sukan sa waƙa mai zafi a farkon gefe, su ajiye mai sanyi a ƙarshe. Masu sharhi sun sha yaba wa mawaƙa kan hikimar rufe gefe da waƙa mai taushi, alhali sau da yawa shawarar injiniya ce.

Shi yankan kansa a kan farantin alminiyum ake yi, wanda aka shafe da wani fenti mai laushi, da injuna irin na Neumann na Jamus ko Scully na Amurka, da allurar yakutu mai zafi. Ba a tsayawa a tsakiya. In an yi kuskure a minti na 18, sai a jefar da farantin a ɗauko sabo. Idan an gama, mai yankan kan rubuta lambar aikin da hannu a filin da ya rage kusa da tsakiya, wasu har su sa hannu: Rudy Van Gelder, wanda ya yi wa kamfanin Blue Note aiki, yakan sa haruffan sunansa, George Peckham na Ingila kuwa laƙabinsa na Porky yake karcewa. Daga nan sai a fesa wa farantin ruwan azurfa, a tsoma shi cikin ruwan nikel a saki lantarki har ƙarfe ya taru a kansa. Abin da aka ɓamɓaro shi ake kira uba, daga uba a fitar da uwa, daga uwa a fitar da hatimin da za a ɗaura wa injin bugu. Sai a sa curin roba tsakanin hatimi biyu, tururi ya narkar, injin ya matse, ruwan sanyi ya daskarar, cikin kimanin rabin minti faifai ya fito. Takardar tsakiya ba da gam ake liƙa ta ba, tare da robar ake matse ta, shi ya sa ake gasa ta tukuna don kada danshi ya fasa ta. Kafin a saki injin ya buga dubbai, sai an buga 'yan ƙwarori na gwaji an aika wa mai waƙa ya saurara ya amince. Bayan amincewarsa, duk aibin da ya fito nasa ne.

Mu koma ga bango. Har ƙarshen shekarun 1930, yawancin faifai a cikin takarda mai ruwan ƙasa ake sayar da shi, da rami a tsakiya don a karanta suna. In waƙoƙin suna da yawa, sai a haɗa faifai huɗu ko biyar cikin wani abu mai kama da littafin ajiye hotuna, kuma daga nan kalmar albam ta samo asali. Wani saurayi mai suna Alex Steinweiss, ma'aikacin Columbia, shi ya shawo kan shugabanninsa a 1940 suka bar shi ya yi wa tarin waƙoƙin Rodgers da Hart bango mai hoto, hoton allon fitilun wani gidan wasa a New York. Da dogon faifai ya zo a 1948, shi ne kuma ya tsara kwalin da ake zura shi ciki, mai faɗin kusan santimita 31 kowace kusurwa. Wannan fili ya zama allon masu zane na kusan shekara 40. Reid Miles ya yi wa Blue Note ɗaruruwan banguna da hotunan Francis Wolff da manyan haruffa, sannan a 1967 Peter Blake da Jann Haworth suka yi wa Beatles bangon Sgt. Pepper, mai buɗewa kamar littafi, da baitocin waƙoƙin a bayansa. Shi ma mai zane yana da nasa ƙa'idojin maɗaba'a: a rarraba zanen zuwa launi huɗu, a bar rarar kimanin milimita 3 a gefe saboda wuƙar yanka ba ta cika faɗawa daidai ba, a nisanta rubutu daga ramin takardar tsakiya, a kuma tabbatar lambar da ke bango ta dace da wadda aka karce a jikin roba.

A nahiyarmu, ban ga wanda ya ci moriyar waɗannan iyakoki biyu kamar Fela Kuti ba. Legas ta shekarun 1970 tana da situdiyon EMI a Apapa, inda Paul McCartney ya ɗauki yawancin Band on the Run a 1973, ga kuma na Decca. Fela bai yarda ya daddatse kiɗansa zuwa minti uku-uku don gidan rediyo ba. Sai ya mayar da gefen faifai ma'auninsa: waƙa ɗaya gefe ɗaya, minti 12 ko 15, wani lokaci ma kiɗa zalla a gefen farko, sai ka juya faifan kafin ka ji muryarsa. Ta fuskar yanka wannan riba ce, domin gefen da bai cika ba yana ba da damar tsaga mai faɗi, ganguna su fito da ƙarfinsu. Irin wannan lissafi ne ya haifar da faifan disko mai inci 12 da waƙa ɗaya a Amurka a tsakiyar shekarun 1970.

Bangon kuwa Lemi Ghariokwu ya riƙe shi. Bai kai shekara 20 ba lokacin da ya zana Alagbon Close a 1974, sunan wurin da 'yan sanda suka tsare Fela a Legas, kuma a ƙarshe banguna 26 ya yi masa. Tun da gidajen rediyon gwamnati ba sa sa yawancin waƙoƙin, sai bangon ya zama jarida: zanen barkwanci, hotuna, da baitoci a rubuce, abin da mutum zai tsaya ya karanta a bakin kanti ko da ba shi da kuɗin saye. A bangon Beasts of No Nation na 1989 ya zana Margaret Thatcher da Ronald Reagan da P. W. Botha da fiƙoƙi. Ba na jin akwai editan jaridar Legas da zai iya buga wannan a shafin farko a lokacin ya kwana lafiya.

Makaɗan Hausa kuwa lamarinsu daban ne. Waƙar mutum irin Mamman Shata ba ta da tsayayyen tsawo. Takan miƙe ko ta taƙaita gwargwadon taro da wanda ya shigo da abin da ya bayar, kuma Bakandamiya ba ta fita iri ɗaya sau biyu. Irin wannan waƙa in an sa ta a faifai, dole a yanke mata riga da ba tata ba. Kaset, mai minti 30 ko 45 a gefe, mai arha, wanda ba ya buƙatar uba da uwa da hatimi, shi ya fi dacewa da ita, kuma ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa ya mamaye kasuwannin Kano da Maraɗi da zangon Kumasi cikin ɗan lokaci. Farashin da aka biya shi ne bangon: ɗan kwalin kaset ba ya ɗaukar fiye da hoto da suna, ba wurin rubuta ranar ɗauka ko sunayen 'yan amshi da makaɗan kalangu, abin da mai bincike ke nema ido rufe a yau.

Bayan CD ya karɓe kasuwa a ƙarshen shekarun 1980, masana'antu da yawa sun rufe, an daina ƙera injunan yanka na Neumann. Amma faifai bai mutu ba. A 2022 an sayar da kimanin miliyan 41 a Amurka, CD kuwa miliyan 33, karo na farko da faifai ya wuce shi a yawa tun 1987. Mawaƙin da ya yi aikinsa kacokan a kwamfuta, in yana son faifai, dole ya raba waƙoƙinsa gida biyu, ya ƙirga mintocin kowane gefe, ya tattara kaurin sauti a tsakiya, ya jira na gwaji, daidai yadda aka yi a 1958. Kuma sana'ar a kan siririn zare take rataye: a watan Fabrairun 2020 gobara ta cinye masana'antar Apollo Masters da ke Banning a jihar Kalifoniya, wadda ke samar da mafi yawan farantan yanka na duniya, aka bar wani ƙaramin kamfani a Japan mai suna MDC shi kaɗai, sai kuma masu yanka kai tsaye a kan tagulla, dabarar da Teldec da Neumann suka fito da ita a farkon shekarun 1980.