3.2 Ƙididdigar Ruwan Sama da Muhawara a Kan Farin Sahel

Wannan sashe zai duba yadda alƙaluman hukuma suka sauya fahimtar masana game da farin da ya afka wa yankin Sahel. Tun shekarar 1905 ake rubuta yawan ruwan da ke sauka a Kano, haka kuma aka riƙa yi a tashoshi irin su Sakkwato, Maiduguri da Damagaram.

Bayan farin 1972 zuwa 1974, masani Jule Charney ya danganta ƙarancin ruwan da ƙarewar ciyayi sakamakon yawan kiwo, a shekarar 1975. Wannan ra'ayi ya ɗora alhakin bala'in a wuyan makiyaya. To amma da aka jera alƙaluman tashoshin, sai aka ga ruwan ya ragu lokaci guda tun daga Senegal har Sudan. A 1986 Folland da abokan aikinsa na hukumar yanayi ta Ingila suka kwatanta waɗannan alƙaluma da na zafin ruwan teku, suka tarar suna tafiya tare.

Bisa ga haka, ana iya cewa ƙididdiga ce ta nuna tushen farin ya wuce burtali da gona.