Kwalejin Fourah Bay da Mutanen da Ta Yaye

A shekarar 1807 majalisar dokokin Birtaniya ta haramta fataucin bayi, kuma daga shekarar da ta biyo baya jiragen yaƙinta suka shiga sintiri a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, suna tare jiragen fataken bayi, suna sauke mutanen da ke ciki a Freetown, babban birnin Saliyo na yau. Kafin a daɗe garin ya cika maƙil da mutanen da aka raba da garuruwansu, Yarabawa da Ibo da Nufawa da Hausawa da Barebari, kowa da harshensa, mafi yawansu kuma ba su da hanyar komawa gida. Ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, wadda aka fi sani da CMS, ta lura cewa Turawan da take aikowa ba sa kai labari, zazzaɓi yana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, sai ta yanke shawarar horar da malamai da masu wa'azi daga cikin 'yantattun bayin nan. Wannan buƙata ce ta haifi Kwalejin Fourah Bay a watan Fabrairu na 1827. Ba ita ce farkon ilimi mai zurfi a wannan yanki ba, domin Tumbutu da Katsina sun riga ta da ƙarnoni, amma ita ce ta fara bin tsarin jami'o'in Turai a Afirka ta Yamma.

Ɗalibin da aka fara rubuta sunansa shi ne Samuel Ajayi Crowther, ɗan garin Osogun a ƙasar Yarabawa, wanda aka kama yana yaro a 1821, aka kuɓutar da shi a teku a 1822. A 1841 ya shiga ayarin da Birtaniya ta aika Kogin Kwara tare da J. F. Schön, Bajamushen da ya rubuta nahawu da ƙamus na Hausa daga baya. Ya fassara littattafan addini zuwa Yarabanci, ya yi hulɗa da Etsu Masaba na Bida, kuma a 1864 aka naɗa shi bishop a Canterbury, baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi a cocin Ingila. Sai dai ƙarshensa bai yi daɗi ba. A wajajen 1890 wasu matasan Turawan mishan suka tasar wa ma'aikatansa 'yan Afirka, suka dakatar da da yawa daga cikinsu, suka zubar masa da girma a gaban jama'arsa, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba 1891. An shafe shekaru kusan sittin kafin a sake ba wani baƙar fata jagorancin yankin coci irin nasa.

Ita kuwa kwalejin, a 1845 aka aza harsashin babban gininta na jan dutse a unguwar Cline Town, aka kammala a 1848, ƙarƙashin kulawar shugabanta Edward Jones, baƙar fata ɗan Amurka. An ce da katakon jiragen bayin da aka kama aka yi rufinsa. A wannan gini ne Sigismund Koelle, wanda ya iso a 1847, ya yi aikin da har gobe masana harsuna ke dogaro da shi. Yakan zauna da 'yantattun bayi ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi mutum sunan garinsu, da kogin da ke kusa, da kwana nawa ake tafiya zuwa gari na gaba, da yadda aka kama shi, sannan ya karanto masa kalmomi kusan 300, yana rubuta yadda ake faɗarsu da harshensa. Daga nan littafin Polyglotta Africana ya fito a 1854, ɗauke da harsuna fiye da ɗari, ciki har da Hausar Kano da ta Katsina. A shekarar kuma ya fitar da nahawun Barbarci, wanda ya koya daga bakin Ali Eisami, ɗan malami daga Borno da bauta ta jefo Saliyo. Sunan Koelle ne a bangon littattafan, amma ilimin da ke ciki na waɗannan bayin Allah ne, kuma ya kamata tarihi ya lissafa su cikin malaman kwalejin.

Duk da haka makarantar ta yi ta tangal-tangal, har aka rufe ta na wasu shekaru saboda ƙarancin ɗalibai. Dalilin a fili yake: CMS masu wa'azi take nema, iyaye kuwa likitoci da lauyoyi suke so. Tsohon ɗalibinta Dakta Africanus Horton, wanda ya kammala likitanci a Edinburgh a 1859, ya yi kira a littafinsa na 1868 da a kafa jami'a a Afirka ta Yamma, sannan a 1872 Edward Blyden ya ɗaga murya, yana neman jami'ar da ba ta ƙarƙashin 'yan mishan. Ganin cewa al'amarin na neman kufce mata, CMS ta nemi mafita, kuma a 1876 aka haɗa kwalejin da Jami'ar Durham ta Ingila. Daga nan ɗalibi zai zauna a Freetown, ya rubuta jarrabawar Durham, ya karɓi digirinta.

Fiye da shekara saba'in bayan haka, ɗan Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Birtaniya mai neman digiri, in ba shi da halin tafiya Turai ko Amurka, galibi nan yakan nufa. Henry Carr na Legas ya yi karatu a can, haka J. E. Casely Hayford na Gana, da Milton Margai, wanda ya karɓi 'yancin Saliyo a 1961. Kenneth Dike ma ta nan ya bi kafin ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ibadan. Mata sun daɗe a bakin ƙofa, sai a 1938 Lati Hyde-Forster ta zama ta farko da ta sami digiri.

Yaƙin Duniya na Biyu ya raba kwalejin da gidanta, domin gwamnati ta karɓe ginin, aka kwashe ɗalibai zuwa Mabang, bayan yaƙin kuma suka tare a kan Dutsen Aureol. A 1948 aka buɗe kwalejojin jami'a a Ibadan da Gana da kuɗin gwamnati, ɗaliban da a da suke hawa jirgin ruwa zuwa Freetown suka fara tsayawa gida. Dakta Davidson Nicol ya zama shugabanta ɗan Saliyo na farko a 1960, kuma a 1967 aka warware alaƙa da Durham, ta zama ɓangaren Jami'ar Saliyo. A 1977 ɗalibanta suka yi wa Shugaba Siaka Stevens bore, gwamnati ta mayar da martani da ƙarfi, daga nan kuma matsin siyasa da ƙarancin kuɗi suka kori malamai da yawa zuwa ƙasashen waje. Tsohon ginin na Cline Town, bayan ya zama ofishin jirgin ƙasa sannan kotu, ya ƙone a 1999 lokacin yaƙin basasa, kuma a 2012 Saliyo ta gabatar da shi ga UNESCO cikin wuraren da take neman a amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya.